Filin Tambaya da Amsa: Yadda Jami'ar Oklahoma ta ci wasa goma a jere a kakar 1956

Wasiƙun wannan fitowar duk a kan ƙwallon Amurka ta jami'o'i suke, kuma yawancinsu sun taru a kan ƙungiya ɗaya, wato ta Jami'ar Oklahoma da ke garin Norman, wadda ake yi wa laƙabi da Sooners, a ƙarƙashin mai horarwa Bud Wilkinson. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma haɗa masu kama da juna.

Tambaya daga wani malamin makaranta a Zariya: Na ga an rubuta cewa Oklahoma ta tara maki 466 a kakar 1956, aka ci ta 51 kacal. Ni ƙwallon ƙafa na sani. Yaya ake lissafin makin nan, kuma da su wa ta buga?

Malam, sai an fara da tsarin wasan kafin lissafin ya yi ma'ana. Filin yadi 100 ne tsawonsa, kusan mita 91, sai kuma gida mai zurfin yadi 10 a kowane ƙarshe. Mutum 11 ne a kowane ɓangare. Wasan kashi huɗu ne, kowane kashi minti 15. Masu riƙe da ƙwallo ana ba su yunƙuri huɗu su ci yadi 10. In sun ci, a sake ba su huɗu. In sun ga ba za su kai ba, a yunƙuri na huɗu sukan buga ƙwallon da ƙafa can nesa, su sallama ta ga abokan karawa, don kada a karɓe ta kusa da gidansu. Wanda ya shigar da ƙwallo gidan abokan karawa, a guje ko ta hanyar cafke jifa, ya samu maki 6. Daga nan a buga da ƙafa tsakanin sanduna a ƙara maki 1. Bugun sanduna daga cikin fili maki 3 ne. A 1956 babu damar neman ƙarin maki 2 bayan an shiga gida, sai 1958 aka kawo wannan doka.

Ga yadda kakar ta tafi. Ranar 29 ga Satumba suka fara da North Carolina, 36 da nema. Kansas State 66 da nema. Texas, a filin Cotton Bowl da ke Dallas, 45 da nema. Kansas 34 da 12. Notre Dame, har gidanta, 40 da nema. Colorado 27 da 19. Iowa State 44 da nema. Missouri 67 da 14. Nebraska 54 da 6. Suka rufe ranar 1 ga Disamba da maƙwabciyarsu Oklahoma A&M, 53 da nema. Wasa shida ke nan cikin goma ba a ci su ko maki ɗaya ba, kuma in aka raba, maki 46.6 suke samu a kowane wasa. Adadin da ya fi nuna irin ƙungiyar shi ne na gudu da ƙwallo a hannu: yadi 391 a kowane wasa, wanda babu ƙungiyar babbar jami'a da ta taɓa kaiwa kafin lokacin.

Tambaya daga wani ɗalibi a Kano: Ana ta ambaton tsarin T mai tazara a matsayin sirrin Wilkinson. Ku yi mana bayaninsa dalla-dalla, wa ke tsayawa a ina, wa ke yin me.

Ɗan'uwa, ba Wilkinson ne ya ƙirƙiro shi ba. Don Faurot ne, mai horar da Missouri, a 1941. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu Faurot ya horar da ƙungiyar makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta sojan ruwa da ke Iowa a 1943, kuma cikin mataimakansa akwai Jim Tatum da Wilkinson. Tatum ya zo Oklahoma a 1946 tare da Wilkinson, ya yi shekara ɗaya ya wuce Maryland, Wilkinson ya gaje shi a 1947 yana da shekara 31. A kakar 1956 kuwa Tatum ne mai horar da North Carolina da aka yi wa 36 da nema, Faurot kuma yana shekararsa ta ƙarshe a Missouri da aka yi wa 67 da 14. Almajirin ya doke malaminsa da tsohon maigidansa a kaka ɗaya, da tsarin da su ukun duk suka sani ciki da bai.

Tsayuwar kanta haka take. Mutum bakwai a layin gaba: ɗan tsakiya mai riƙe da ƙwallo, masu gadi biyu a damansa da hagunsa, 'yan kafaɗa biyu a gefensu ta waje, sai 'yan gefe biyu a ƙarshen layi. Madugu, wato mai sarrafa wasa, yana manne da bayan ɗan tsakiya, yana karɓar ƙwallo hannu da hannu ta tsakanin ƙafafunsa. Bayan madugu da kamar yadi huɗu akwai mutum uku a jere: ɗan baya a tsakiya, 'yan tsere biyu a gefensa. Wannan jerin ne ke ba da siffar harafin T.

Abin da Faurot ya ƙara shi ne tazara. A tsohon tsari 'yan layin gaba kafaɗa da kafaɗa suke tsayawa. A nan mai gadi yana barin kamar ƙafa ɗaya tsakaninsa da ɗan tsakiya, ɗan kafaɗa ya bar ƙafa biyu zuwa uku, ɗan gefe ya bar uku ko fiye. Kuma tazarar ba a kafe take ba, ɗan wasa yana ƙara ta ko rage ta gwargwadon abin da mai tsaron gabansa ya yi. In ya matsa waje mai tsaron ya bi shi, to ƙofa ta buɗe tun ba a taɓa ƙwallo ba. In mai tsaron ya ƙi bi, ya tsaya a cikin tazarar, to an same shi a kaikaice, ture shi gefe ya fi sauƙi a kan ture shi baya. Saboda haka ne ƙungiyar ba ta buƙatar ƙattai a gaba. Masu saurin tashi take nema.

Da zarar madugu ya karɓi ƙwallo, ba ya juyawa baya kamar yadda ake yi a sauran tsare-tsare. Yana bin layin ne a gicciye, bai fi yadi ɗaya daga bayan mutanensa ba. A wannan tafiyar ta taku kaɗan abubuwa huɗu na iya faruwa, kuma duk farkonsu iri ɗaya ne a idon mai tsaro.

Na farko shi ne miƙawa. Ɗan tseren da ke ɓangaren ya ruga kai tsaye zuwa ƙofar da ke kusa da ɗan kafaɗa, madugu ya cusa masa ƙwallo a ciki daidai bakin layi. Ba a neman yadi ashirin da wannan, uku ko huɗu sun isa, domin uku da rabi sau uku sun haura goma. Amfaninsa sauri: kafin mai tsaro ya kwance daga wanda ya tare shi, ƙwallo ta wuce.

In madugu bai miƙa ba, ya yi kamar ya miƙa ne, ya ci gaba da bin layi har ya tunkari ɗan gefen masu tsaro, wanda da gangan aka bar shi ba mai tare shi. Nan zaɓi yake, wato abu na biyu da na uku. In mutumin ya buɗe waje yana jiran jifa, madugu ya karya ciki da ƙwallon a hannunsa. In ya afko wa madugu, sai madugu ya wurga ƙwallon gefe da ɗan baya-baya ga ɗaya ɗan tseren, wanda tun farko ya taso daga can ɗaya ɓangaren yana biye da shi a tazarar yadi huɗu ko biyar. Ɗan baya yana gaba yana share masa hanya. Mutum ɗaya an ba shi mutum biyu ya tsare, duk wanda ya zaɓa ɗayan ne zai tafi.

Na huɗu shi ne wanda ya fi cutar da masu tsaro. Ɗan tseren da aka wurga wa ƙwallo, muddin bai haye layi ba, yana da damar jefa ta gaba. In masu tsaron baya sun rugo gaba don tare gudunsa, sai ya jefa ta saman kansu ga ɗan gefe ko ga abokin tserensa. Tommy McDonald ya ƙware a wannan, gudu da jifa duka, shi da Clendon Thomas suna ba juna. Thomas ne ya fi kowa tara maki a ƙasar a shekarar, ya shiga gida sau 18, maki 108. Madugun kuwa Jimmy Harris ne, wanda bai taɓa shan kaye ba a duk wasan da ya fara a matsayin madugu a jami'ar.

A ganinmu babu wani ɓoyayyen sirri. Wilkinson ya koyar da tsarin a fili, masu horarwa da yawa sun ɗauka. Abin da ya bambanta Oklahoma shi ne 'yan dabarun nan kaɗan ake maimaitawa a atisaye har ƙafa ta san takunta ba sai an yi tunani ba, sannan a yi su da saurin da wasu ba su iya jurewa.

Tambaya daga wani mai karatu a Maraɗi: To ai kowane tsari da lagonsa. Ina wannan yake karyewa? Kuma me ya faru a Colorado har aka kusa kada su?

Malam, wurare uku ne aka fi samun matsala. Na ɗaya, tazarar nan ƙofa ce ga kowa. In mai tsaro ya fi mai tare shi saurin tashi, ya kutsa ta ciki, zai tarar da madugu a daidai lokacin miƙawa, kuma tun da komai a bakin layi ake yi, babu sararin gyara. Maganinsa 'yan gaba su rage tazara su tashi tare da ƙwallo, ba bayanta ba. Na biyu, madugu ya riƙa lanƙwasawa baya yayin bin layi. In ya yi haka, wurin miƙawa ya ja baya da yadi ɗaya ko biyu, ƙofar da aka buɗe ta rufe kafin ɗan tsere ya iso, ɗan gefen masu tsaro kuma ya samu lokacin da zai tsare mutum biyun duka. Na uku shi ne suɓucewar ƙwallo. Ɗan tsere in ya sa ido a kan ƙwallo maimakon ƙofa, ko ya miƙa hannu zai fizge ta, sai ta faɗi. Aikin madugu ne ya sa ta a cikinsa, shi nasa ya duba gaba. Haka nan wurgin gefe ba kamar jifan gaba ba ne. Jifan gaba in ya faɗi ƙasa an tsayar da wasa, ƙwallo tana hannunku. Wurgin gefe in ya faɗi, duk wanda ya faɗa kanta tasa ce. Wannan ne ya sa ranar ruwa ko sanyi mai tsanani ƙungiyoyin wannan tsari ke shan wahala.

Wasan Colorado an yi shi ranar 3 ga Nuwamba a garin Boulder, wanda ke kan tudu sama da mita 1,600 daga teku, mako ɗaya bayan babbar nasarar da suka samu a kan Notre Dame. Colorado, a hannun mai horarwa Dal Ward, tana amfani da tsohon tsarin nan na reshe ɗaya, inda ake jefa ƙwallo kai tsaye ga ɗan baya, a tara mutane a gefe guda, mutum biyu su danne mai tsaro ɗaya. Ƙarfi ne tsagwaronsa, kuma ƙungiya mai dogaro da sauri ba ta son irin wannan. An tare wa Oklahoma bugun ƙafa tun farko aka ci su da shi, aka tafi hutun rabin lokaci Colorado na da 19, Oklahoma 6. Da aka dawo, a zuwan 'yan Oklahoma na farko suka kai yunƙuri na huɗu suna cikin yankinsu. Abin da aka saba shi ne a buga a sallama. Suka ƙi, suka gudu da ita, suka ci yadin da ya rage, suka ci gaba har gida. Daga nan Colorado ba ta ƙara ko maki ɗaya ba, Oklahoma ta ƙara 21. Da yunƙurin nan ya ci tura, Colorado za ta karɓi ƙwallo a kusa da gidan Oklahoma tana gaba da maki 13, kuma da wuya a ce labarin kakar zai zama yadda yake yau.

Tambaya daga wata malamar motsa jiki a Kaduna: A wasannin yanzu ina ganin ana canza mutum goma sha ɗaya gaba ɗaya in ƙwallo ta koma hannun wasu. Haka ake yi a 1956?

A'a, Malama, kuma wannan tambayar ta taɓa jijiyar maganar. Daga 1941 zuwa 1952 an yarda da canji ba iyaka, har aka samu rundunar hari daban, ta tsaro daban. A 1953 hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta soke wannan, ɗaya daga cikin dalilan shi ne tsadar riƙe 'yan wasa masu yawa. Dokar ta ce wanda aka fitar ba ya komawa sai an shiga wani kashi, ban da ɗan sassauci a ƙarshen kowane rabi. An yi ta sassauta ta kaɗan-kaɗan, amma canji ba iyaka bai dawo ba sai tsakiyar shekarun 1960. Ke nan a 1956 mutum ɗaya shi ne mai hari, shi ne mai tsaro. Jerry Tubbs ɗan tsakiya ne in ƙwallo na hannunsu, mai tsaron bayan layi in ta koma. McDonald da Thomas 'yan tsere ne, kuma su ne masu tsaron baya. A wasan Notre Dame kowannensu ya cafke jifan abokan karawa ya ruga da shi har gida.

Wilkinson ya mayar da wannan doka riba ta hanya biyu. Ya shirya runduna biyu cikakku, kowace mutum 11, kowace ta iya hari da tsaro, suna atisaye tare a matsayin ƙungiya guda. Ta farko ta buga wani ɓangare na kashi, a fitar da ita gaba ɗaya, ta biyu ta shiga da sabon numfashi. Ƙungiyar da ba ta da zurfin mutane haka dole ta bar gwanayenta a fili suna haki. Sannan ya ƙara musu da gaggawa. An saba bayan kowane yunƙuri 'yan wasa su tashi a hankali, su taru su yi shawara, su tako layi. 'Yan Oklahoma da gudu suke tashi, da gudu suke taruwa, shawarar ta daƙiƙa kaɗan ce tun da dabarun ba yawa, da gudu su koma layi su tashi wasa kafin masu tsaro su gama jeruwa. An ga amfanin wannan ƙarara a wasan Orange Bowl na 2 ga Janairun 1956, ɗaya daga cikin manyan wasannin sabuwar shekara, inda suka zo daga baya suka doke Maryland 20 da 6, kuma suka ci gaba da shi a kakar da ta biyo.

Ga mai horarwa irinki, abin lura shi ne gaggawa ba ta yiwuwa sai da abu biyu: jiki mai juriya da dabaru kaɗan da kowa ya haddace. In dabarun sun yi yawa, gaggawar kanku za ta rikita, a tashi kafin lokaci a ja muku yadi biyar baya, ko madugu ya juya dama ɗan tsere ya nufi hagu. Shi ya sa aka fi son marasa nauyi. McDonald kusan kilo 80 ne nauyinsa.

Tambaya daga wani mai karatu a Kumasi: Kowa na maganar hari. Wasa shida ba a ci su ba fa, yaya tsaronsu yake?

Gaskiyarka, ɗan'uwa, tsaron ya fi harin daɗewa a duniyar wasan. Wilkinson da mataimakinsa Gomer Jones, mai kula da 'yan layi, su aka sani da tsarin biyar da biyu, har ana kiransa tsaron Oklahoma. Mutum biyar a layi: ɗaya hanci da hanci da ɗan tsakiya, biyu a gaban 'yan kafaɗa, biyu a gefuna. Mutum biyu a tsaye a bayansu, suna fuskantar masu gadi. Huɗu a can baya. Su biyun nan na tsaye masu gadi suke karantawa: in mai gadi ya afko gaba, gudu ne ta nan, in ya ja gefe a bi shi, in ya ja baya jifa ne. Huɗun baya kuma suna juyawa zuwa ɓangaren da ƙwallo ta nufa, ɗaya ya sauko ya tare wanda za a wurga wa, sauran su rufe bayansa. An gina shi ne don ya amsa irin zaɓin da su kansu suke yi wa mutane.

Lagonsa yana tsakiya. In aka sa mutum biyu suka danne na hancin, suka tura shi baya, ya toshe wa na tsaye hanya, to tsakiya ta buɗe. Don haka wurin yana son mutum mai taurin kai da ba ya ja da baya. Tsarin uku da huɗu da ƙungiyoyin ƙwararru ke amfani da shi yau daga nan ya samo asali, 'yan gefen biyu ne aka tayar tsaye.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Katsina: An ce su ne zakarun ƙasa, amma ban ga wasan ƙarshe a jerin ba. Wa ya ba su kofin?

Alhaji, a lokacin babu wasan ƙarshe. Ƙuri'a ake yi. Kamfanin dillancin labarai na AP yana tattara ra'ayin marubuta wasanni kowane mako, na UP kuma yana tattara na masu horarwa, wanda ya zo na ɗaya a ƙuri'ar ƙarshe shi ne zakara. Ƙuri'ar ƙarshen kuma a farkon Disamba ake yin ta, kafin manyan wasannin sabuwar shekara. Oklahoma ta zo ta ɗaya a duka biyun, karo na uku ke nan a hannun Wilkinson bayan 1950 da 1955. Sau biyu ta sauka zuwa ta biyu a cikin kakar, an ɗora Michigan State a Oktoba, an ɗora Tennessee a Nuwamba bayan ta doke Georgia Tech 6 da nema, kuma kowane karo Oklahoma ta amsa a fili, da 40 a kan Notre Dame da 67 a kan Missouri.

Rashin zuwa wasan sabuwar shekara kuwa doka ce ta hana. Rukuninsu na Big Seven yana da yarjejeniya da Orange Bowl, amma ba a yarda ƙungiya ɗaya ta je shekara biyu a jere ba. Tun da sun je a Janairun 1956, sai aka tura ta biyu a rukunin, Colorado, ta doke Clemson 27 da 21.

Tambaya daga wani mai karatu a Sakkwato: Ni ina ganin raunana suka samu. Kuma in sun kai yadda ake faɗa, me ya sa ɗan Notre Dame ne ya ci kyautar Heisman?

Malam, rabin maganarka ta farko gaskiya ce, ba za mu ɓoye ba. Cikin ƙungiyoyi goman, Colorado kaɗai ce ta gama kakar da nasara fiye da kaye. Texas wasa ɗaya ta ci cikin goma, Notre Dame biyu. Tennessee, wadda ita ma ta ci goma cikin goma, rukuninta ya fi tsauri, kuma magoya bayanta na da hujja a lokacin, sai dai Baylor ta doke ta 13 da 7 a Sugar Bowl. Abin da ya sa ba mu yarda da sauran maganar ba shi ne ba a auna Oklahoma da kaka ɗaya. Waɗannan manyan 'yan wasan, su Tubbs da McDonald da Harris, sun buga shekara uku, 1954 zuwa 1956, wasa 31, ba su sha kaye ko ɗaya ba, kuma a ciki akwai Maryland da ta zo Orange Bowl ba a taɓa kada ta ba a kakarta. Raunin abokan karawa yana iya bayyana girman tazarar maki, amma ba ya bayyana shekara uku ba tuntuɓe.

Batun Heisman kuwa, wato kyautar gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara, har yau ana jayayya a kansa. Paul Hornung na Notre Dame ya ci, kuma shi kaɗai ne a tarihi ya ci kyautar daga ƙungiyar da kayenta ya fi nasararta. Johnny Majors na Tennessee ya zo na biyu, McDonald na uku, Tubbs na huɗu, Jim Brown na Syracuse na biyar. McDonald ya fi kowa samun ƙuri'ar matsayi na ɗaya, amma lissafin ya haɗa da na biyu da na uku, kuma shi da Tubbs sun raba masu goyon bayan Oklahoma gida biyu. McDonald ya samu kyautar Maxwell, ita ma ta gwarzon shekara, a madadin haka. Mu a namu ganin, in za a yi kukan rashin adalci a ƙuri'ar nan, Jim Brown ya fi kowa cancantar a yi dominsa.

Tambaya daga wata ɗaliba a Jos: Akwai baƙar fata a ƙungiyar?

A waɗanda suka buga wasannin goman babu, 'yar'uwa. Jami'ar kanta sai da Kotun Ƙolin Amurka ta shiga, a shari'ar Ada Lois Sipuel ta 1948 da ta George McLaurin ta 1950, kafin ta buɗe ƙofa sosai ga ɗalibai baƙaƙe. A wannan shekarar ta 1956 ne Prentice Gautt, ɗan birnin Oklahoma City, ya shigo a matsayin baƙar fata na farko a ƙungiyar. Wasu likitoci da masu harhaɗa magani baƙaƙe ne suka fara tara masa kuɗin karatu, daga baya Wilkinson ya ba shi tallafin ƙungiya. Dokar lokacin ta hana ɗan shekarar farko buga wa babbar ƙungiya, don haka da 'yan ajinsa ya yi wasa a 1956, ya shiga babbar daga 1957 zuwa 1959 a matsayin ɗan baya, ya zama cikin fitattun rukunin. Ya sha wulaƙanci a gidajen abinci da masaukai a tafiye-tafiye, ya daure, ya buga wa ƙwararru, ya kuma yi karatu har digirin digirgir. Baƙar fata bai ci Heisman ba sai 1961, lokacin da Ernie Davis na Syracuse ya samu.

Tambaya ta ƙarshe, daga wani mai karatu a Yamai: Nasarorin a jere nawa suka kai, kuma wa ya tsayar da su?

Sun kai 47, kuma har yau babu babbar jami'ar da ta kamo wannan. An fara ranar 10 ga Oktoban 1953 da doke Texas 19 da 14, bayan kaye a hannun Notre Dame da kunnen doki da Pittsburgh a farkon kakar. A ƙarshen 1956 lissafin yana 40. McDonald, Tubbs da Harris suka gama karatu, Thomas ya rage, aka ƙara bakwai a 1957, wasu da ƙyar, kamar 14 da 13 a kan Colorado. Ranar 16 ga Nuwamban 1957 Notre Dame ta zo Norman. Ta cika layi da mutane ta toshe ƙofofin miƙawa, Oklahoma ta kasa tafiya a ƙasa, jifa kuma ba shi ne ƙarfinta ba. A kashi na huɗu Notre Dame ta tuƙo ƙwallo yadi 80 a yunƙuri 20. A yunƙuri na huɗu, saura yadi uku a shiga gida, masu tsaro suka taru tsakiya suna jiran ɗan baya Nick Pietrosante, madugu Bob Williams ya yi kamar ya ba shi, ya wurga wa Dick Lynch ta dama, ya shiga ba wanda ya taɓa shi, saura ƙasa da minti huɗu. Aka tashi 7 da nema. Oklahoma ta ci sauran wasanninta na kakar, har da Duke 48 da 21 a Orange Bowl, Wilkinson kuma ya ci gaba da riƙe ƙungiyar zuwa 1963, ya bar ta da nasara 145, kaye 29, kunnen doki 4.